Takardar bizit ba ta leƙa cikin inji

Malam, ka ce Honda CG 125 ɗin da ka gada wurin baba ta ci bizit, wato gwajin lafiyar babur da hukuma ke yi, kana tambaya ko za ta kai ka Tanut daga Damagaram. Ni dai ba zan dogara da takarda kaɗai ba. Mai dubawa birki yake kallo, da fitila, da taya. Cikin inji ba ruwansa. Tawa ta ci ranar Litinin, Laraba ta mace mini a hanyar Mirya: rairayi ya toshe karbireta, buji, mai ba inji tartsatsin wuta, ya yi baƙi ƙirin.

Injin CG akwai juriya, tun 1975 ake ƙera shi, amma tsufa cikin waya da roba yake ɓuya. Kai ta wurin bakanike ya wanke matatar iska, ya ɗaure sarƙa, ya duba tsagewar gefen taya. Ka kuma jefa buji ɗaya a aljihu.