Kafin ka biya kuɗin Selmer ɗin nan

Ɗan'uwa da ka ce ka ga saksofon (abin busa na ƙarfe) ta gwanjo an rubuta Selmer a jiki, kana tambaya ka saya ko ka ɗauki Yamaha tunda yanzu za ka fara koyo, toh bari in faɗa maka abin da na gani da idona, na daɗe ina busa saksofon nau'in alto.

Fara duba rubutun nan da kyau, don Selmer biyu ne fa. Akwai Henri Selmer Paris na Faransa, su suka sayi kamfanin gidan Adolphe Sax, mutumin Beljiyam ɗin da ya ƙirƙiro saksofon ya yi mata rajista a Paris a 1846. Su suka fitar da samfurin Mark VI a 1954, irin wadda mabushin jazz John Coltrane ya busa, har yau kuɗinta sai mai hali. Akwai kuma Selmer na Amurka da suka yi Bundy ta 'yan makaranta, ita ma tana aiki amma kar wani ya sayar maka da ita a farashin ta Paris.

Ni ta farko da na saya suna na bi, jiki na ta ƙyalli na biya ina murna, na zo gida ƙananan muryoyin nan na ƙasa suka ƙi fita, sai gurnani kawai, wata biyu ina zargin bakina. Da na kai wa mai gyara sai ya kashe fitilar shago ya zura ƙaramin haske cikin bututun ya danna makullan, wallahi haske na leƙowa ta gefen murfi huɗu. Fatun da ke toshe ramukan sun bushe sun tsage, iska na zurarewa. Kuɗin sauya su ya kusa kai rabin abin da na saye ta, kuma sai da aka yi odarsu daga waje.

Mu nan hunturu ne babban abokin gaba. Fata ta bushe, ɗan karan bakin nan, rid, shi ma ya lanƙwashe, don haka ka riƙa jiƙa shi kafin busa, ka goge cikin bututun in ka gama, ka mayar da ita akwati. Karan daga kudancin Faransa ake noman da yawansa, guda ɗaya ne ba biyu irin na algaita ba, shi ke fitar da sautin. Fara da kara mai lambar tauri 2 ko 2.5, na Rico ko Vandoren.

Shawarata dai Yamaha YAS-280, ko tsohuwar YAS-23 in ka samu mai lafiya, da bakin busa na Yamaha mai lamba 4C. Kar ka ji wai ta ɗalibai ce ka raina, shahararren mabushi Charlie Parker da saksofon Grafton ta roba ya yi wasan Toronto na 1953. In kuma ranka na kan waccan Selmer ɗin, tafi da wanda ya iya busa, ya gwada murya mafi ƙasa a hankali ba da ƙarfi ba, in ta yi gardama a cire kuɗin gyara daga farashin.