Sai da takardar mallaka manomi ke gyara gona?

Tambaya: Haya nake biya duk shekara a gonar da nake nomawa. Ina son in dasa itatuwa in haƙa rijiya, amma ina tsoron ranar da mai gona zai ce in tashi. Shin sai mutum ya mallaki gona da takarda kafin ya zuba mata dukiya?

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, amma ba sayen gona ne kaɗai maganinsa ba. Gona tana zuwa hannun manomi ta gado, saye, aro, haya, jingina ko noma-mu-raba. A kowanne, abin dubawa shi ne shekara nawa ka tabbata za ka yi a cikinta, kuma wa ke da ikon korarka.

Dubi ƙasar Sin. Har yau gonakin ƙauye na jama'ar ƙauyen ne, manomi ba ya iya sayarwa. Daga 1978 aka fara raba wa gidaje su noma da kansu. A 1984 aka mai da wa'adin riƙe gonar shekara 15, a 1993 aka kai shi 30. Hatsin da ƙasar ke girbewa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa wajen miliyan 407 a 1984. Ƙarin farashi da taki sun taimaka, amma ba a ba kowa mallaka ba.

Kenya kuwa ta fara yi wa gonaki rajista da sunan mutum ɗaya tun Tsarin Swynnerton na 1954, wato shirin gyaran noma na Turawan mulkin mallaka. Takardu da yawa sun ci gaba da zama da sunan mamata, domin magada sun raba gona ba su koma ofis ba. Mata da ƙannen da suke da haƙƙin noma a da, da dama sun wayi gari babu sunansu a ko'ina.

Hayar shekara-shekara, a ganina, ita ce mafi cutar da ƙasa, domin ɗan haya kwasa yake yi ya wuce. Kafin ka haƙa rijiya, ka zauna da mai gona ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: tsawon wa'adi, na wane ne itatuwan, da diyyar da zai biya ka idan ya karɓi gonarsa wa'adi bai cika ba. Ka sa magadansa su sa hannu, domin galibi bayan rasuwar mai gona rigima ke tashi.