Tambaya da Amsa: An ce sayarwa a eBay ta zama kyauta, to ina la'adar ta tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri kai da masu karanta wannan shafi. Ni ɗan Katsina ne amma aiki ya kawo ni Birmingham a Ingila, kuma tun ina yaro ina da sha'awar tara tsofaffin kuɗi, irin su anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa da sulalla na kafin a fito da naira a 1973, yanzu sun taru har wasu ina da su bibbiyu uku-uku shi ne nake so in fara sa su a gwanjo a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ba don kasuwanci ba, kawai in rage in sayi waɗanda ba ni da su. Na ji an ce yanzu ba a cire wa mai sayarwa komai amma wani abokina ya ce in bi a hankali. Dan Allah ya abin yake?
Daga wani mai karatu, Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya tambayarka ta yi min daɗi don ni ma ina tuna kwabon nan mai huji da tauraro da rubutun Larabci a jiki, a gwangwanin kakata na fara ganinsa. Abin da ka ji gaskiya ne, abin da abokinka ya faɗa shi ma gaskiya ne.

Kafin Oktoba 2024 mai sayarwa irinka a Ingila, wato wanda ba ɗan kasuwa ba, eBay na cire masa kashi 12.8 cikin 100 na kuɗin da aka biya har da kuɗin aikawa, sannan a ƙara kwabo 30 a kan kowane ciniki (kwabon Ingila nake nufi, 100 ne a fam ɗaya). Ranar 1 ga Oktoba 2024 suka soke wannan a kusan duk kaya banda motoci da ire-irensu, dama tun 2023 sun yi haka a Jamus, kuma abin da ya tura su ba ɓoyayye ba ne, manhajar Vinted ta ƙasar Lithuania ta kwashe masu sayar da tsofaffin tufafi saboda ita ba ta cire wa mai sayarwa komai, mai saye take caja. Mutane suka yi ta murna. Wata huɗu kacal bayan nan, a Fabrairu 2025, sai ga sabon kuɗi da suka kira kuɗin kare mai saye, kwabo 75 a kan kowane kaya da kuma kashi 4 cikin 100 na farashin a fam 300 na farko.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen rago ya san wannan lissafin. Ko dillali a hannun mai rago ya karɓi la'adarsa ko a hannun mai saye, daga kuɗin ragon nan dai take fita, don mutumin da ya fito gida da dubu ɗari a aljihu ba zai biya dubu ɗari da biyar ba saboda an ce masa biyar ɗin ta dillali ce, ragewa zai yi a tayinsa. A gwanjo ma haka ne, mai saye farashin da aka haɗa da kuɗin yake gani a wayarsa kuma a kansa yake tayawa, in ya kai inda aljihunsa ya tsaya ya tsaya.

Inda abin yake damuna shi ne masu ƙananan kaya irinka. Ɗauki anini da za ka sayar fam 3. A tsohon tsari za a cire maka wajen kwabo 68, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A tsarin Fabrairu 2025 ba a cire maka komai amma mai saye fam 3 da kwabo 87 zai gani, tun ba a zo maganar kuɗin aikawa ba, kaga nauyin da ke kan aninin nan ma ƙaruwa ya yi. Shi kuwa mai sayar da agogon fam 100, da fam 13 da kwabo 10 ake cire masa, sai ya koma mai saye ne ke ƙara fam 4 da kwabo 75, shi kam ya ci riba sosai. Duk kuɗin da aka ce tsayayye ne a kan kowane kaya, ƙaramin mai sayarwa yake danne wa, mai tara kan sarki da tsofaffin kuɗi da katunan ƙwallo, mutanen da ba riba suke nema ba, su dai abin da suke so ya faɗa hannun wanda ya san darajarsa. A tsakiyar 2025 an sake gyarawa, aka mayar da kwabo 75 ɗin kwabo 10 sannan aka ɗaga kason zuwa kashi 7 a fam 20 na farko, to yanzu aninin naka kwabo 31 ne a kansa, da sauƙi wallahi. Amma ka ƙirga, sau uku ke nan aka canza lissafi cikin ƙasa da shekara ɗaya, kuma ba yau suka fara ba, a 2008 ma da aka ƙara kason da ake cirewa sai da masu sayarwa suka yi yajin aiki na mako guda a watan Fabrairu.

Shawarata, kar ka sa anini ɗaya-ɗaya sai dai in wanda ba a cika samu ba ne. Haɗa biyar ko goma na shekaru daban-daban ka sa su ciniki ɗaya, kuɗin aikawa ɗaya, wahala ɗaya. Kar kuma ka fara gwanjo daga kwabo 99 kana fatan za a yi ta ja-in-ja, kayan da mutane kaɗan ne suka san su mutum ɗaya zai iya tayawa ya tafi da shi a haka, ka fara daga abin da zuciyarka za ta iya sallamawa. Sannan kafin ka sa kaya ka buɗe shafin kuɗaɗensu ka duba ranar, kar ka dogara da abin da na rubuta yau.

Abu ɗaya da ban so ka raina, kyautar nan ta masu sayar da kayansu ce, asusun 'yan kasuwa har yanzu ana cire musu. Ranar da ka fara sayen kuɗi da niyyar ka sayar ka ci riba to ka zama ɗan kasuwa ko da kai kana kiransa sha'awa. Tun Janairu 2024 doka ta wajabta wa irin waɗannan manhajoji su miƙa wa hukumar haraji ta HMRC bayanan duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya karɓi sama da yuro 2,000 a shekara. Wannan ba sabon haraji ba ne, kuma mai rage kayansa na gida galibi ba abin da zai biya, amma in kasuwanci ne kuma abin da ya shigo ya wuce fam 1,000 a shekara sai ka bayyana. Samu ɗan littafi ka dinga rubuta yaushe ka samu kowane kwabo da nawa ka sayar.

TAMBAYA: Malam ina wuni, mu da ke Amurka fa, mu ma an soke mana la'adar eBay? Ina saƙa huluna da jakunkuna ina so in gwada.
Daga wata mai karatu, Houston

AMSA: Lafiya lau Hajiya, a'a ku ba a soke muku ba, ƙari ma aka yi. A Fabrairu 2025 kason yawancin kaya ya tashi daga 13.25 zuwa 13.6 cikin 100, ga senti 30 ko 40 a kan kowane ciniki, kuma ana lissafa kason ne har da kuɗin aikawa da harajin da mai saye ya biya. Kina da damar sa kaya 250 a wata ba tare da kuɗin sawa ba. Ki lissafa zare da lokacinki da kuɗin aikawa tukuna, ki ɗora wannan kason a kai, sannan ki yanke farashin hular.