Ruwan Tankin Murjani Ya Sauya Launi: Gawayi Zai Gyara Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jidda nake zaune, ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, da kifaye da murjani masu rai (halittun teku masu kama da furanni) a ciki. Kwanan nan ruwan ya soma komawa ruwan ɗorawa, wasu murjanin kuma sun daina buɗewa. Mai shago ya ce in sa gawayin tace ruwa. Shin gawayin gashin nama zai yi? Kuma ba zai cutar da kifin ba?
Daga wani mai karatu a Jidda

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai shago ya faɗa maka gaskiya, amma gawayin gashi kam, kada ya kusanci tankin nan. Gawayin tace ruwa da kwal ake yin sa, ko ɓawon kwakwa, ko itace, sannan a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1,000 har ya cika da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa cikin ramukan giram ɗaya tak, faɗinsu zai iya kai murabba'in mita 1,000. A jikin ramukan nan dattin da ya narke a ruwa yake maƙalewa. Na gashi ba shi da ramuka haka, ga toka da zai zuba maka.

Launin da kake gani daga kashin kifi ne da ragowar abinci da abin da murjani ke fitarwa. Murjani masu laushi irin su Sarcophyton da Sinularia suna sakin sinadarai don danne maƙwabtansu. A Bahar Maliya da ke gabanka ruwa yana tafiya da su. A cikin gilashi kuwa taruwa suke yi. Idan kana da irin waɗannan, mai yiwuwa su suka takura wa sauran, kuma nan gawayi ya fi amfani. Sai dai ba ya cire amoniya ko naitiret ko fosfat, wato sinadaran da ke taruwa a ruwa idan kashin kifi da ragowar abinci suka ruɓe, saboda haka ka auna su tukuna, kuma kada ka daina canjin ruwa.

Batun cutar da kifi shi ne abin da na fi so ka kula da shi. A 2011 Jay Hemdal na gidan namun daji na Toledo a Amurka ya wallafa binciken da ya nuna gawayin da aka yi da kwal mai laushi, wanda ke yawan ƙura, yana jawo zaizayewar fata a kai da gefen jikin wani nau'in kifin teku da ake kira tang. Kifi ne da masu tanki ke ƙauna, kuma ba ƙaramin abin tausayi ba ne a gan shi da ramuka a fuska. Don haka ka sayi gawayi mai tauri da aka yi musamman don tankin ruwan gishiri, ka wanke shi da tataccen ruwa har baƙin ya daina fita. Ka zuba shi a jakar raga inda ruwa ke ratsawa, a matse shi yadda ƙwayoyin ba za su riƙa gogar juna ba, domin gugar ce ke haifar da ƙura.

Kada ka cika hannu. Ma'aunin da aka saba shi ne cokalin cin abinci ɗaya ga kowace lita 40, to kai ka fara da rabin haka. Ruwan da ya daɗe da launi idan ya washe dare ɗaya, hasken fitila zai ratsa shi da ƙarfi, murjanin da ya saba da dishi-dishi sai ya koɗe ya yi fari. Ka ɗan rage hasken a makon farko.

Bayan mako uku zuwa huɗu ramukan sun cika, sai ka zubar ka sa sabo. Shanya shi a rana ko gasa shi a murhu ba zai farfaɗo da shi ba. In kana so ka san lokacin canji, ɗebi ruwan tankin a farin bokiti, ka zuba sabon haɗin ruwan gishiri a wani, ka jera su a haske; in na tankin ya fi launin ɗorawa, lokacin canji ya yi. Duk ranar da kuma za ka sa wa kifi magani, ka fara cire gawayin, domin zai shanye maganin.