Amsar ƙanena kan ƙara wa GPU ɗin laftof gudu

Salamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, ina cikin trotro (motar haya) ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce laftof ɗinka mai GPU GTX 1650 ne (GPU shi ne cif ɗin da ke zana hoton gem a sikirin), kana buga GTA V, bayan minti ashirin sai ya fara tsinkewa, wai in koya maka obakulok, wato ƙara wa GPU gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. To ni abin da kunnena ya ji, ba gudu kake nema ba, zafi ne yake cin injinka. Ai da gudun ne bai kai ba, tun minti na farko zai yi ta jan ƙafa.

Amma tunda ka tambaya, ga shi. Ka sauke MSI Afterburner, kyauta ne, yana aiki ko da laftof ɗinka ba MSI ba ne. Akwai layin gudun cif ɗin, akwai na memori. Na cif ɗin ka ɗaga kaɗan-kaɗan, megahaz 15 ko 30, ka buga gem minti goma sha biyar, ka sake ƙarawa. Yawanci wajen 100 zuwa 150 ne zai fara gardama: ɗigo-ɗigo a sikirin, wasu launuka na banza, ko gem ɗin ya rufe kansa. Ka ga haka, koma baya taki biyu. Kuma kada ka danna wancan maɓallin da ke sa saitin ya tashi tare da Windows sai ka kwana biyu kana gwadawa.

To me za ka samu? In kana ganin firam 40 a sakan, wato hotuna 40 da gem ke nunawa duk sakan, wataƙila ka ga 43. Shi ke nan fa! Domin layin ƙara wuta a laftof a kulle yake, kamfani ya ɗaure shi. 1650 ɗin laftof galibi wat 50 aka yanka masa, ko ka yi kuka ba zai sha fiye da haka ba. Ga shi cif ɗin a manne yake da bod, ba kamar na tebur da za ka zare ka sa wani ba, kuma bututun tagullar da ke kwashe masa zafi sau da yawa shi ne dai na farosesa. Da cif ɗin ya taɓa digiri 87 sai ya rage gudu da kansa. Yanzu ka haɗa da ɗakinka na Nima, rufin kwano, watan Maris, ga ƙurar hunturun da ta wuce tana kwance cikin fanka kamar auduga. Masu bidiyon YouTube ɗin nan a ɗaki mai sanyi suke, ɗan'uwa.

Kai, na ma manta caja! Wace caja kake amfani da ita? Juya bayanta ka karanta. Ni abin da aka yi mini ke nan, har gobe yana min ciwo. Na kai nawa wajen wani mai gyara can Circle, fanka kawai zai share. Na ba shi da caja ta asali, wat 180. Na dawo ya miƙo min jaka a ɗaure, har da addu'a. Wata biyu cur ina fama, gem yana tsinkewa, batir yana sauka alhali waya na jone a bango. Na sake direba (manhajar da ke tafiyar da GPU), na goge Windows, na zagi masu wuta ba laifinsu. Ranar da na juya cajar sai na ga 120. Na koma, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce haka na kawo ta. Har rantsuwa! Da sitikar da 'yata ta manna a kan tawa, ina ta tafi? Wai ta ɓare. To, Allah ya isa, na bar shi.

Ina muke? Eh. Ɗazu na ce 87, to kar ka riƙe shi kamar aya, wasu kamfanonin suna sa nasu ƙasa da haka. Afterburner ɗin zai nuna maka zafin a kan sikirin kana cikin gem, ka duba lokacin da tsinkewar ke farawa.

Ni dai a ce nawa ne, buɗe shi zan fara yi, a hure fanka, a goge tsohon man nan mai ruwan toka da ke kan cif a shafa sabo mai kyau, kana tsaye a kan masu gyaran. Ka ɗaga bayansa da littafi, ka daina ɗora shi a katifa. Sannan a Afterburner ka danna Ctrl da F, ka rage wa cif ɗin bolt, wato ƙarfin wutar da ke shigarsa, maimakon ƙara gudu, zafi ya sauka, gudun ya zauna wuri ɗaya. In RAM ɗinka, wato memorin laftof ɗin kansa, sanda ɗaya ce, ƙara ta biyu ya fi duk obakulok ɗin nan amfani. A kan batir kuwa, in an ɗauke wuta, kar ma ka gwada, injin da kansa yake rage ƙarfi.

Ɗauki hoton bayan cajar ka turo nan tukuna.