Yadda kakanninmu suka sari daji a gabashin Sudan

Malam, ka tambaya ko mu da ke Gadarif da bakin Shuɗin Nilu har yanzu Hausawa ne, ko mun zama Larabawa masu tsintar Hausa. Sai ka fara sanin yadda aka zauna tukuna.

Yawancin na farko maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kudu da birnin Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, tsinkar auduga a gonakin ban-ruwa na yankin Jazira ta jawo wasu. Wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya nausa gabas, bakin kogin Rahad ko Dindir, ya nemi izinin shehin yankin ya sari daji.

Abin da ya fara ba shi kunya garmarsa ce. Ƙasar nan baƙar laka ce: da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige, da damina ta kama ƙarfe kamar danƙo. Ba a huɗa, ba a kunya. Sai ya ajiye sungumi ya koyi salluka, wata doguwar sanda mai matakin ƙafa. A taka ta huda ƙasa, yaro na biye yana jefa dawa ƙwaya biyar ko shida, yana rufewa da diddige.

Sabuwar gona kuwa da wuta ake buɗe ta, abin da Larabawa ke kira harik. A bar ciyawa ta shekara biyu zuwa uku ba a taɓa ba, a share mata kewaye don gobarar rani. Ruwan farko ya sauka, sabon haki ya tsiro a ƙarƙashin busasshen, sannan a cinna wuta ta cinye duka, a shuka cikin toka. Lokacin shi ne komai. In an yi gaggawa hakin bai gama fitowa ba, zai taso tare da dawa. In an makara tsohuwar ciyawar ta jiƙe, wutar ba ta ci. Bayan 'yan shekaru ƙuduji ya kama gonar, sai a matsa gaba.

Riɗi shi ne kuɗi, shi ne kuma tashin hankali. Wajen Oktoba yake nuna, kuma ba ya jira: a yanke cikin 'yan kwanaki, a ɗaure dami-dami a jingina tsaye, bayan kamar mako biyu a kifa a kaɗe kan tabarma. Wanda ya yi jinkiri, kwanson ya fashe, tururuwa ta gode masa. Dawa kuma a rami ake binne ta, matmura, a shimfiɗe da ƙaiƙayi. Rumbu sai ɗaiɗai. Ga zazzaɓin kala'azar da ke fakewa inda dushe da aduwa suka yi yawa, ya kwashe yara ba adadi a sababbin ƙauyuka.

To ka ga mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Gandu ne ya riƙe gida: uba da 'ya'yansa maza da ƙannensa, tukunya ɗaya. Nan maganar aure ta samo asali, wadda kuke yawan yi mana gori a kanta ta fuska biyu. Wasu su ce mun narke, wasu su ce mun cika ƙabilanci. Gaskiyar ita ce manomin farko 'yar ɗan'uwansa yake nema wa ɗansa, don hannu da gona su tsaya a gida, kuma maƙwabtan ma ba su cika ba Fallata 'ya ba, sunan da suke haɗa mu da Fulani da Barebari a ciki. Yanzu a birane ana yi, ba kamar da ba, amma a ƙauye har gobe dangi ake dubawa.

Matan suna kulle, suna sana'a daga cikin gida, yara na kai talla, kamar dai a Kano. Agashe, wato tsiren da duk Sudan ke layi a kansa, da garin ƙuli da yaji, daga hannunmu ya fito.

Eh, muna cewa jinsiyya in muna nufin zama ɗan ƙasa, muna auna gona da faddan maimakon eka, muna cin kisra, siririyar gurasar dawa. Amma in wani namu ya zo Kano ya yi sallama da Hausar kakansa, sai a kwashe da dariya a ce ɗan takari, alhali rabin kalmomin da ake yi wa dariyar tsohuwar Hausa ce da ku kuka musanya da Turanci.