Tambayi Malamin Gona: Ruwan tudu da mutanen kwari

*Assalamu alaikum Baba Malam. Gonarmu ta gado tana arewa da Mai'aduwa. Duk farkon damina iska na binne mana shuka da rairayi, bana sai da muka yi shuka sau uku. Wani malaminmu ya taɓa cewa har Amurka ta sha irin wannan wahala. Da gaske ne, ko lallashinmu kawai yake yi? In gaskiya ne, me suka yi?*
Wani matashin manomi, Mai'aduwa

Wa alaikumus salam ɗana. Malaminku bai yi muku ƙarya ba, sai dai ma ya rage.

A tsakiyar Amurka akwai wani shimfiɗaɗɗen fili wanda babu itatuwa, ruwan samansa kaɗan ne, iskarsa kuma ba ta hutawa. Ciyawa mai zurfin saiwa ce ke riƙe da ƙasar wurin. Lokacin yaƙin duniya na farko alkama ta yi tsada, sai manoma suka shiga da garma da tarakta suka kifar da miliyoyin eka na wannan ciyawa. Shekarun da ruwa ya wadata kowa ya dara. Da fari ya sauka a farkon shekarun 1930, alkama ta ƙi, ciyawar kuma an riga an kashe ta, ƙasa ta koma kamar garin tuwo. A watan Mayun 1934 ƙurar gonakinsu ta isa har Niyok da Washinton. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935 kuwa, ƙura ta taso kamar baƙin bango ta rufe yammacin Okalahoma da arewacin Tekzas, da rana kata mutum bai ganin tafin hannunsa. Mata na jiƙa zannuwa suna toshe tagogi, yara na kwanciya da ciwon huhu, dabbobi na mutuwa. Iyalai da yawa suka ɗora komatsansu a kan mota suka tafi cin rani Kalifoniya, wasu ba su sake dawowa ba.

Kwana 13 bayan wannan Lahadi, ranar 27 ga Afrilu, shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma, aka ɗora Hugh Bennett a kanta, mutumin da ya shafe shekaru yana kururuwa kan zaizayar ƙasa ana yi masa kallon mai surutu. Daga 1935 zuwa 1942 an dasa itatuwa kusan miliyan 220 jeri-jeri a gefen gonaki, tun daga Dakota ta Arewa har Tekzas, don su karya iska. An koya wa manomi ya daina jan kunya daga tudu zuwa gangare, ya riƙa gittawa da ita, yadda kowace kunya za ta zama 'yar madatsa. An ce ya bar kara da tushiya kwance a gona bayan girbi, ya kuma riƙa raba gonar tsiri-tsiri, nan hatsi, nan ciyawa.

To ka ga duk cikin wannan babu abin da kakanka bai sani ba. Wanda ya bar gamba a kan iyaka, ya ƙi sare gawo, ya bar kara a gona, ai aikin da yake yi ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin wani abu ne daban.

Hukumar Bennett ta fara ne da gonakin gwaji, ma'aikata su zo su yi aikin, manoma su tsaya kallo. Ba a jima ba suka gane abin ba zai yi nisa haka ba. Sai a 1937 Roosevelt ya aika wa gwamnoni samfurin wata doka: in manoman wani yanki suna so, su rubuta takardar neman a kafa musu gundumar kare ƙasa, a kira taro kowa ya faɗi ra'ayinsa, sannan a jefa ƙuri'a. In masu so suka yi rinjaye, sai su zaɓi mafi yawan shugabannin gundumar daga cikinsu. Ta farko an kafa ta a watan Agustan 1937 a Brown Creek, mahaifar Bennett a Karolina ta Arewa. Yau akwai irinta kusan 3,000. Gwamnati ce ke biyan malamin gona, amma gunduma ke tsara masa inda zai fara. Manomi ya sa hannu kan tsarin gonarsa a gaban maƙwabtan da zai haɗu da su gobe a kasuwa. In ya saɓa, ba mutumin Washinton zai ji wa kunya ba.

Ni na san bambancin nan a jikina. Ina saurayin ma'aikaci aka ba ni dashen bedi cike da mota na kai wani ƙauye gabas da Daura. Na sauke a ƙofar mai gari, na yi jawabi, aka tafa min, aka dasa. Da na koma bayan kaka, awaki sun yi kalaci da su tas. Na hau faɗa, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, ai mun ɗauka itatuwanku ne. Laifina ne, ban tambayi kowa inda yake son itace ba, ban kuma tambayi wa zai yi masa shinge ba.

Kar in yi maka daɗin baki. Gwamnatinsu ta zuba kuɗi, har biyan manomi take yi ya huta da noman wata gonar, ruwa kuma ya dawo wajen 1940. Da fari ya sake zuwa a shekarun 1950 ƙura ta sake tashi, illa dai ɓarnar ba ta kai ta farko ba. Kai abin da ke hannunka shi ne mutanen da gonakinsu ke gabas da taka, tunda daga can iskar farkon damina ke ɗebo rairayin. In kai kaɗai ka bar kara, su suka kwashe nasu suka sayar, a banza. Ku je wurin mai unguwa ku biyar ko ku goma, ku yi magana ɗaya kan kara, da gamba, da tohon sabara da kalgo da za a bari lokacin sassabe. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a miliyoyin eka ta wannan hanya da suke kira sassaben zamani, kuma daga garinku zuwa can ba tafiyar kwana ba ce. Je ka gani da idonka.

*Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina. Duk watan Agusta ruwa ke shigo mana har ɗaka, bara sai da katangarmu ta faɗi. Maigidana ya ce maganin abin kawai a gina ƙatuwar madatsa kamar yadda Amurkawa suka yi. Ni kuma na ce a fara yashe lambatu. Wa ya fi gaskiya?*
Wata malama, Katsina

Malama, Allah ya mayar da alheri. Ba na son shiga tsakanin mata da miji, amma ki gaya wa maigida cewa gardamar nan taku Amurkawa sun yi ta shekara da shekaru, har ta kayar da ɗan majalisa.

A watan Yulin 1951 kogin Kansas ya yi ambaliyar da ta ci garuruwan Manhatan da Tofika da Kansas Siti. Kusan mutum rabin miliyan suka bar gidajensu, asara ta doshi dala biliyan ɗaya. Injiniyoyin soja, waɗanda su ke gina manyan madatsu a ƙasar, suka ce ga abin da muke faɗa, a bar mu mu datse kogin Big Blue a wani wuri da ake kira Tuttle Creek. Matsalar ita ce kwarin da ruwan zai kwanta a ciki fadama ce mai albarka, da gonaki da garuruwa goma. Ma'ana, a nutsar da mutanen sama don a tsirar da na ƙasa.

Matan kwarin ne suka fi tayar da ƙura. Matan manoma ne, masu tatsar shanu da kiwon kaji, suka yi ƙungiya, suna rubuta wasiƙu, suna cika mota suna bin gari-gari. Sun je sun ga shugaba Truman, sun ga Eisenhower yana neman takara. A zaɓen 1952 suka taimaka aka kayar da ɗan majalisar da ya goyi bayan madatsar, aka zaɓi wani dattijon manomi mai suna Howard Miller. Aiki ya tsaya na ɗan lokaci. Daga baya majalisa ta sake sakin kuɗi, aka gama madatsar a 1962, mutum wajen 3,000 suka tashi. Sun sha kaye, amma ba a yi musu a ɓoye ba. Waɗanda aka zalunta sosai su ne jajayen Indiyawa na Dakota ta Arewa, da madatsar Garrison ta cinye musu fiye da eka 150,000 ta mafi kyawun ƙasarsu ba da son ransu ba. Mu da muka san abin da ya faru da manoman da madatsar Bakolori ta shafa a 1980 ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Abin da matan nan ke nema a madadi shi ne a tare ruwa tun inda ya sauka. An riga an gwada a Okalahoma. A 1948 aka buɗe ƙaramar madatsa ta farko ta irin wannan tsari a Cloud Creek, a 1953 kuma aka kammala guda 24 a kan ƙorama ɗaya mai suna Sandstone. Ba wani abin mamaki ba ne, tudun ƙasa ne ake jibgewa a bakin ƙorama, a binne bututu a gindinsa. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya taru a baya, bututun ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki maimakon ya afka wa gari cikin dare ɗaya. Ɗan abin da ya rage a gindi kuma dabbobi su sha da rani. A 1954 Eisenhower, wanda ya riga ya zama shugaba, ya sa hannu a dokar da ta baza tsarin a ƙasa baki ɗaya, kuma sharaɗinta ne nake so ki riƙe: mutanen wurin ne za su nema, su za su samo filin, su kuma za su ci gaba da kula da madatsar bayan an gina. An yi sama da 11,000, Okalahoma kaɗai na da fiye da 2,000.

Ƙananan ba su iya tare babbar ambaliya irin ta 1951, wannan maigida ya yi gaskiya. Sai dai ruwan da ke shiga ɗakinki ba daga wani babban kogi yake zuwa ba. Madatsu ai muna da su, ga Zobe, ga Ajiwa, ga Sabke. Jibiya ma da madatsarta, amma ruwan dare ɗaya a Yulin 2018 ya kashe sama da mutum 40. Ruwanki na rufin kwanon unguwarku ne da na unguwannin da ke sama da ku. Muna yara, kowace unguwa a birni da kududdufinta, inda aka haƙi ƙasar gini. Muna raina su saboda sauro da kwaɗi, ashe aikin da madatsun Okalahoma ke yi shi suke yi mana kyauta. An cike su da shara, an yanka filaye, an sayar. Tsakar gida kuma kowa ya shafe da siminti, ko ɗigo ba ya nutsewa.

Saboda haka ke ma kin yi gaskiya, rabi. In kuka yashe lambatun ƙofar gidanku kaɗai, kun dai gaggauta tura ruwan ne gidan na ƙasa da ku. Gayyar ta fara daga inda lambatun ya ƙare, a biyo shi sama, unguwa da unguwa, kafin ruwan Yuli. In kuma da sauran kududdufi a kusa da ku da bai shiga hannun dillalai ba, ku haɗu da mai unguwa da limami ku kai maganarsa a rubuce gaban hakimi da ƙaramar hukuma. Ke da kike da allo da yara a gabanki, ga wani abu. Ƙasar noma ta samu daraja a Amurkar wancan zamani har gasar huɗa ake yi, a watan Satumban 1948 Truman da kansa ya je irin wannan gasa a Dexter ta jihar Ayowa ya yi wa dubun-dubatar manoma jawabin neman ƙuri'a. Ki fita da 'yan ajinki bayan an ɗauke ruwa, su bi sawunsa su zana miki taswirar inda ya fito da inda ya tsaya. Ita za ku liƙa a takardar.

*Yallaɓai, kwazazzabo na cin bayan gonata. Wani abokina ya ce zai kawo min irin wata ciyawa daga waje mai saurin yaɗo. In karɓa?*
Wani manomi, Dutsi

Ƙanena, dakata tukuna. Hukumar Bennett ɗin nan da na gama yabo ta taɓa yin wannan kuskure. Ta raba miliyoyin dashen wata ciyawar Japan mai suna kudzu a kudancin Amurka, har ana biyan manomi dala 8 kan kowace eka in ya shuka. Ta riƙe ƙasar kam, daga nan ta haye itatuwa, da turakun lantarki, da gidajen da aka bari, don da zafi takan yi yaɗon kusan ƙafa guda a yini. A 1970 gwamnatin da ta raba ta da hannunta ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Tambayi mutanen Haɗeja yadda suke fama da ciyawar kacalla.

Kwazazzabo daga ka ake kama shi. Hau sama ka ga inda ruwan ke taruwa kafin ya faɗo, ka gitta kunyoyinka a can. A cikin ramin ka jera duwatsu ko buhunan ƙasa, gajeru-gajeru, kada su wuce gwiwa, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta kai maimakon ya zagaya ya ci gaɓa. Bayan kowane jeri ka dasa jema ko gamba idan ruwa ya zauna. Irin abokin naka kuma, ya fara kawo sunansa da ganyensa ofishin gona na ƙaramar hukumarku a duba.